Bayani a kan Ziyarar Kangon Gidan Gwamna na Zungeru

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinsa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, wannan magana ce a kan kangon gidan Gwamna da ke Zungeru, cikin ƙasar Wushishi ta Jihar Neja, da hukuncin wanda ya ɗaura niyya ya tafi ya gan shi. Mutane sun kasu uku game da wannan wuri. Waɗansu suna cewa gidan Nasara ne, a bar ƙasa ta cinye shi, zuwa can ɓarnar guzuri ce. Waɗansu suna zuwa, amma zuwan shaƙatawa, su jingina da ginshiƙi a ɗauke su hoto da wayar hannu, su komo ba su ƙaru da kome ba. Kashi na uku, su ne mafi yawa, ba su ma san da wurin ba, alhali kuwa dokokin da suka juya zaman kakanninsu daga nan suka fito. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a je, a je da ilmi, kuma a tsare abin da ya saura kada ya ƙarasa rushewa.

Da farko sai a san asalin wurin, gama ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Ranar 1 ga Janairu 1900, ƙarshen watan Sha'aban na shekara ta 1317, Gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar daga hannun Kamfanin Neja, Gwamna Lugga ya kafa tuta a Lakwaja. Ya zauna Jabba ɗan lokaci. Cikin 1901 sojansa suka ci Kwantagora da Bida, hanyar kogin Kaduna ta buɗe masa, sai ya zaɓi wani fili a bakin kogin, kusa da ƙauyen da mutanen wurin ke kira Dungurum, ya tare can cikin 1902. Dalilin zaɓen a bayyane yake. Jirgin ruwa yana hawowa daga Kwara ya shiga Kaduna da kayan yaƙi da na gini, kuma daga nan Zariya da Kano da Sakkwato sun matso kusa. Da yake jirgin ba ya iya kaiwa har garin, aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa ta mil 22 daga Barijuko, ita ce ta farko da aka taɓa yi a ƙasar Arewa.

Daga wannan gida aka shirya yaƙin 1903. Kano ta faɗi cikin Fabrairu, Sakkwato cikin Maris, cikin Yuli kuwa Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi shahada a Burmi tare da jama'a mai yawa da suka bi shi hijira. Daga nan aka aika da soja cikin 1906 aka shafe garin Satiru. Sa'an nan alƙalami ya karɓi aikin bindiga. Dokar haraji ta 1906 ta tattara kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da sauran abin da talaka ke biya, ta mai da su haraji guda, ana rabawa tsakanin sarakuna da Gwamnati. Alƙalai an bar su bisa shari'unsu, amma ƙarƙashin idon Razdan, an hana haddin yanke hannu, hukuncin kisa kuwa ba ya zartuwa sai da yardar Gwamna. Fatake aka ɗora musu kuɗi, 5 cikin 100 na kimar kaya a kowane lardi da ayari ya ratsa, har ya kai 15 cikin 100, ba a soke shi ba sai 1907. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, ita ta haifi ta 1962, ita kuma ta zama tushen ta 1978 da ta game Nijeriya. Saboda haka takardar mallakar fili da attajiri ke bi ofis ofis yana nema, jikar wata takarda ce da aka sa wa hannu zamanin Zungeru.

Wannan iko duka bai wuce shekara 14 a wurin ba. Zafi da sauro suka dami Turawa, hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano cikin 1911, bukatar kogi ta ragu. Bayan an haɗa Arewa da Kudu cikin 1914 aka tsai da shawarar tashi, zuwa 1917 Gwamnati ta tare a Kaduna. Abin da ke ɗaukuwa aka ɗauke. Ƙarafun ƙaramar hanyar nan an riga an ɗebe su an kai hanyar Zariya zuwa Jos. Gadar ƙafa da Lugga ya yi cikin 1904 ita ma daga baya aka kwance ta aka kafa a lambun Gamji na Kaduna, cikin 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Wanda ya je Zungeru abin da zai tarar shi ne ginshiƙai tsaye ba rufi, da tushen gine-gine cikin ciyawa, da maƙabartar Turawa waɗanda suka zo mulki ajali ya riske su nesa da danginsu. Sarki goma, zamani goma.

Masu hana zuwa suna da hujjoji uku, kuma bai kamata a yi watsi da su ba, domin a cikinsu akwai malamai masu tsoron Allah.

Hujja ta farko ita ce hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi ga masallatai uku. Jawabi shi ne, abin da hadisin ya rufe tafiya ce ta neman lada ko albarka daga wani wuri ayyananne. Amma tafiyar neman ilmi da ta fatauci da ta sada zumunci, babu malamin da ya shigar da su cikin hanin, in ba haka ba da babu wanda zai je Gwanja sayen goro, ko ya je gabas neman Alƙur'ani. Tafiyar i'itibari kuwa, watau a duba ƙarshen waɗanda suka gabata a wa'aztu, Alƙur'ani mai girma ya yi umurni da ita a wurare da yawa. Babu mai zuwa kangon Lugga neman albarka. Wanda ya je, ya je ne ya ga yadda mulki ke ƙarewa.

Hujja ta biyu ita ce labarin Hijru, gidajen Samudawa, inda rundunar Musulmi ta ratsa kan hanyar Tabuka cikin shekara ta 9 bayan Hijira, aka hore su kada su shiga sai da kuka da tsoron Allah, aka hana su amfani da ruwan rijiyoyin wurin sai rijiyar taguwa. Jawabi shi ne, wannan wurin saukar azaba ne da nassi, Zungeru kuwa gari ne da Musulmi ke zaune cikinsa suna salla suna noma, ba a ƙiyasta wannan da wancan. Abin da za a ɗauka daga labarin shi ne ladabin shiga. Ya zama hujja a kan masu zuwa raha da kiɗa, bai zama hujja a kan mai zuwa da natsuwa ba.

Hujja ta uku ita ta fi nauyi a zukatan mutane. Suna cewa tsare kangon girmama wanda ya ci ƙasar ne da yaƙi. Wannan gardama ta daɗe, an yi ta tun zamanin Abbasiyawa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa sa'ad da Halifa Mansur yake ginin Bagadaza cikin shekara ta 145, watau 762, ya so ya rushe fadar Kisra da ke Mada'in ya yi amfani da tubalinta. Ita ce fadar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya shiga cikin shekara ta 16 ya yi salla a cikinta. Ya shawarci Halidu ɗan Barmak, Halidu ya ba shi shawara ya bari, domin duk wanda ya ga girman ginin zai san cewa masu irin wannan ƙarfi ba su kau da dabarar mutum ba, sai da ikon Allah, saboda haka tsayuwarta shaida ce ga Musulunci. Halifa ya tuhume shi da son danginsa Farisawa, ya sa aka fara rushewa. Da aka yi lissafi aka ga kuɗin rushewa da jigila ya fi kuɗin sabon tubali, sai aka bari. Bakan ginin yana nan tsaye kudu da Bagadaza bayan shekara fiye da 1200, babu kuma wanda ya taɓa komawa bautar wuta saboda ganinsa.

To, haka al'amarin Zungeru yake. Ginshiƙin da ba shi da rufi ba ya yi wa mai shi kirari. Yaron da aka gaya masa cewa Turawa sun mulki ƙasar nan sun tafi, ya ji ne kawai. Wanda aka kai shi ya tsaya inda aka zartar da hukunci a kan Kano da Sakkwato, ya ga awaki suna kiwo a wurin, shi ya gani, gani kuwa ya kori ji. Ran da aka ƙarasa kwashe tubalin aka yi shingen gona da shi, shaidar ta tafi, sai abin da marubutan Turawa suka rubuta game da kansu.

Fa'idar da ke ciki ga malamai ta wuce wa'azin gushewar duniya, ko da yake shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya tsaya a kangon da hankalinsa lalle ya tambayi kansa, yaya aka yi 'yan Turawa kaɗan da sojan haya, waɗanda da yawansu Hausa suke ji, suka ci daula mai faɗin tafiyar watanni cikin shekara 3? Bindiga mai ruwa tana cikin jawabin, gama doki da mashi ba su tsaya mata ba. Amma ba ita kaɗai ba ce. An ci garuruwan ɗaya bayan ɗaya, kowane sarki ya yi nasa yaƙin shi kaɗai. Rigingimun gadon sarauta sun sa a wurare da dama Bature ya sami wanda zai naɗa tun kafin ƙurar yaƙi ta kwanta. Kuma ƙasar da Zungeru ke ciki, harin bayi na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya riga ya watsa ƙauyukan Gwarawa da maƙwabtansu, har mutane da yawa ba su ga abin da za su kare ba. Wannan magana tana da ɗaci, amma Mujaddadi Shehu Usmanu da ɗan'uwansa Abdullahi sun yi gargaɗi a kan zaluncin masu mulki tun shekara 100 kafin haka, malamin da ya ɓoye ta bai bi sawunsu ba.

A cikin Zungeru aka buɗe gidan renon 'ya'yan bayi da aka 'yanta. Cikin 1909 aka rufe shi, aka miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumasha, bakin Binuwai. Mai hankali ya duba wannan silsila: hari ya raba yaro da uwarsa, Bature ya karɓe shi daga hannun mai sayarwa, mishan ta rene shi bisa addininta. Laifin farko a gida aka yi shi. Almajirin da ya ji wannan a tsaye bisa tushen ginin zai fahimci babin haƙƙin bawa da haramcin bautar da ɗa, fahimtar da karatun zaure kaɗai ba ya bayarwa.

Har wa yau akwai aikin da babu mai iya shi sai malamai. Wasiƙun da sarakuna suka aika wa Gwamna da Razdanoni, da waɗanda suka aika wa juna, da Larabci aka rubuta su, waɗansu da ajami. Da yawansu suna ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, da Gidan Arewa wanda aka kafa cikin 1970 a gidan marigayi Sardauna. Waziri Buhari ya rubuta risala zuwa ga ma'abuta ilmi yana bayyana dalilinsa na komowa Sakkwato ya zauna da Nasara maimakon bin hijira, waɗansu malamai kuma suka rubuta nasu suna wajabta hijirar. Wannan saɓani ne na fiƙihu tsakanin manya, kowane ɓangare da hujjarsa. Ɗan boko da bai iya warwarar rubutun magabata ba, fassarar tafinta zai dogara da ita. Malamin da ya iya karatun amma ya ce tarihin zamanin Turawa ba ruwansa, ya bar gadon gidansu a hannun baƙo.

Fa'idar 'yan kasuwa kuwa daban take, kuma ta shafi jari. Sa'ad da Gwamna ke Zungeru garin ya cika da soja da akawuna da masinjoji da kukuna da leburori, kowa da albashinsa ƙarshen wata. Mutane suka zo daga kowace kusurwa. A nan aka haifi Namdi Azikiwe cikin 1904, ubansa akawun Gwamnati ne, shi ne ya zama Shugaban Ƙasa cikin 1963. Mahauta da masu hatsi da masu tufafi suka bi wannan albashi suka kafa rumfuna. Amma kuɗin ba daga ƙasar yake tsirowa ba, a akwati ake kawo shi. Ran da akwatin ya koma Kaduna ciniki ya bi shi, garin ya koma tashar jirgin ƙasa da ƙauyukan noma. Kayan aro ba ya rufe katara.

A gwada wannan da Kano. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Haɓe suka wuce, Fulani suka zo, Turawa suka zo suka tafi, kasuwa tana nan, domin a bayanta akwai marina da masaƙa da majema da manoma da hanyoyin fatake. Kano ba ta taɓa zama mazaunin Gwamnan Arewa ba, amma da jirgi ya iso, ita ta ci ribarsa da cinikin gyaɗa tun daga 1912. A gwada kuma da Ikko. Cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta tashi ta koma Abuja, Ikko ba ta mutu ba, gama tashar jiragen ruwa da masana'antu ba su tashi tare da ministoci ba. Ita Kaduna da ta gaji Zungeru, cikin 1967 aka raba Nijeriya jiha 12, ta daina zama hedkwatar Arewa duka, zauren da wakilan larduna 13 ke taruwa ya zama majalisar jiha guda.

Saboda haka ɗan kasuwa, kafin ya zuba dukiyarsa cikin gini ko rumfa a garin da ke tashe, ya tambaya: mene ne garin nan ke fitarwa da hannunsa? In jawabin albashi ne da kwangila kaɗai, ya sani arzikinsa yana rataye da sa hannun mutum guda. Ita kanta Zungeru ta sake ganin irin wannan cika sa'ad da ake ginin madatsar ruwa mai ba da lantarki megawat 700 a kan kogin Kaduna, wadda aka kammala cikin 2023. Aikin gini yana da ranar ƙarewa. Abin da zai zauna wa mutanen wurin shi ne abin da suka mai da ribar a cikinsa, noman rani ko su ko sana'a.

Game da tsare kangon, abin da ake bukata kaɗan ne. Kada a sake gina shi da sabon siminti da fenti, domin wa'azinsa a cikin rushewarsa yake, in an rufa shi an ƙawata ya koma abin da masu hujja ta uku ke tsoro. A kewaye shi, a nome ciyawa kafin hunturu saboda gobarar daji, a hana ɗibar tubali da yin gona cikin tushen gini. A kafa allo da bayani cikin Hausar boko da ta ajami tare da Turanci, kuma bayanin ya ambaci Burmi da Satiru da leburorin da aka tilasta aikin hanyar jirgi, kada ya tsaya ga sunayen gwamnoni. A sa mutumin garin wanda ya san labari ya riƙa zagawa da baƙi, a ba shi abin hasafi. Wannan haƙƙi ne a kan hukumar kula da kayan tarihi da Gwamnatin Jiha da masarauta, amma attajiri guda da ke sayen doya ko shinkafa a kasuwannin yankin ya isa ya ɗauki kuɗin allon da na noman ciyawa. Kano ta tsare Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ɗaya na sarauta ɗaya na Bature, ba ta yi hasarar kome ba.

Mai niyyar zuwa ya kiyaye ladubba. Ya gyara niyya, ya karanta labarin wurin tun daga gida. In ya isa ya fara gai da mai gari ya nemi izini, kamar yadda baƙo ke yi. Kada ya ɗauki dutse ko ƙarfe, kada ya rubuta sunansa a jikin bango, kada ya taka kabari ko na wane ne. Ya zauna da tsofaffin garin ya ji abin da suka ji daga iyayensu, ya rubuta shi da sunan mai faɗa da ranar da aka faɗa, yadda malaman ruwaya suka koyar.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne amincin hanya, shi ne kuma gaba da sauran. Cikin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Islamiyya fiye da 100 a Tagina, arewa da Zungeru, suka riƙe su kusan wata 3. 'Ya'yan mutane amana ce a hannun malami, tsare rai kuwa wajibi ne, ziyarar i'itibari mustahabbi ce, ba a sayar da wajibi a sayi mustahabbi. Sai an tambayi masu bin hanyar da hukumar wurin, an sami tabbaci, sa'an nan a tafi da rana a komo da rana, manyan almajirai kaɗai, da sanin iyayensu. Wanda hanya ba ta yi masa ba ya fara da abin da ke kusa da shi, gama babu lardin da ba shi da kufai: Alƙalawa da Surame a ƙasar Sakkwato, Gazargamu a Barno, Turunku a Zazzau, da ganuwar garinsa da ake haƙa ana yin tubali da ita.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci tun suna bisa kujera, ya ba malamai faɗin gaskiya, ya sa albarka cikin kasuwa, ya kawo zaman lafiya a hanyoyi. Amin. Haza wassalam.